Zauren Kawu: Tafiyar yini ɗaya zuwa tafkunan kan tsauni, mi ake ɗauka kuma yaushe ake juyowa?

Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon nan kamar an haɗa baki, saƙonnin da suka shigo rabi duk kan hawan duwatsu ne, daga yaranmu da ke karatu a ƙetare da kuma iyayensu da ke nan gida hankali a tashe. Ba abin mamaki ba ne, mu nan damina ta kankama ana ta noman farko, su kuma can Yuli da Agusta ne dusar ƙanƙara ke narkewa hanyoyin cikin tsaunuka su buɗe, kowa ya saɓi jaka ya nufi daji. Tau bismillah.

TAMBAYA: Salam Kawu ya iyali ya ruwa. Ni ɗan Ƙofar Marusa ne ina karatu a Siyatil ta jihar Washinton, 'yan ajinmu sun ce ranar Asabar mu tafi wani tafki wai shi Colchuck cikin duwatsu a je a dawo yini ɗaya, na duba na ga kilomita 13 ce kacal zuwa da dawowa, ni kuwa wlh wannan ba tafiya ba ce wajen mutumin da ya yi noma cikin ranar Katsina, ga shi kuma lokacin zafi ne. Amma sai suka turo man wani dogon lis na kaya kamar za a yi hijira, har da rigar sanyi da tocila. Kawu wannan ba tsoro ba ne irin na Turawa? Mi ya kamata in ɗauka tsakani da Allah?

AMSA: Ɗana ka ɗauki duk abun da suka rubuta maka, kuma bara in gaya maka dalili don na san Bakatsine, in ba a ba shi dalili ba sai ya ce an raina mashi ƙarfi.

Wurin da za ku je yana cikin wani yanki da ake ce ma Alpine Lakes Wilderness, gwamnatin Amurka ta keɓe shi a 1976 zamanin shugaba Gerald Ford, tafkuna sama da 700 ne a cikinshi. Kuma akwai wata doka tasu tun ta 1964 da ta ce irin wannan wuri ba a yin titi, ba mota, ba babur, ko keke ba a yarda ka shiga da shi ba. Ma'ana da ka bar wajen fakin shikenan, babu mai shayi babu mai piya wata babu ɗan acaɓan da za ka tsaida in ƙafa ta ƙi, sabis ɗin waya ma yawanci ɗaukewa yake tun kan hanya. Abun da ke bayanka shi ne shagonka shi ne kemis ɗinka.

Kilomita 13 ɗin da ka raina ba ita ce maganar ba, hawan shi ne maganar. Za ku tashi daga wajen mita 1,000 da 'yan kai sama da teku ku ƙare a kusan mita 1,700, wato hawan kusan mita 700, ka ɗauka hasumiyar Gobarau ce da ba ta wuce mita 15 ba aka ce ka hau ta sama da sau 40 a jere sannan ka sauko adadin hakan, kuma ba kan matakala ba, kan saiwoyin itace da manyan duwatsu da tsakuwa mai zamewa. Ƙarfin noma yana nan ba a hana ka ba, amma jijiyoyin da ke aiki wajen hawa daban ne, kuma saukowar ta fi cin gwiwa, yawancin masu faɗuwa su gurɗe ƙafa wajen dawowa ne lokacin da an gaji hankali ya koma kan abinci da gado. Ka ware ma tafiyar awa 5 zuwa 7 har da hutu da hotuna.

Sai batun sanyi, wanda shi ne nike so ka buɗe kunne da kyau. Mu mun san zafi, an haife mu cikinshi, digiri 40 a watan Afrilu ba ya hana mu zuwa kasuwa, shi ya sa in aka ce mana lokacin zafi sai mu saki jiki. Amma duk mita 1,000 da ka hau iska na yin sanyi da kusan digiri 6 da rabi, sannan bisa tafkin nan akwai ƙanƙarar da ba ta narkewa duk shekara maƙale jikin tsaunin, iskar da ke gangarowa daga kanta ita za ta tarbe ka. Kai kuma ka iso jiƙe sharkaf da zufa, ka zauna cin abinci, minti 15 ba ta cika ba haƙora sun fara haɗuwa. Ba sai an kai ga ruwa ya daskare ba sanyi ke kada mutum, digiri 10 da jiƙaƙƙen kaya da iska sun isa. Shi ya sa kada ka sa kayan auduga, jins da singileti da yadi duk ka bar su gida, auduga in ta sha zufa ba ta bushewa tana manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Ka sa irin rigunan 'yan ƙwallo masu saurin bushewa, ka jefa suwaita ɗaya da rigar ruwa ɗaya cikin jaka ko da ka ga sama tas babu gajimare. In ka ga ɗaya daga cikinku na karkarwa, magana na sarƙe mashi, yana tuntuɓe ba dalili, tau sanyi ya fara shigarshi, a cire mashi jiƙaƙƙen kaya a sa busassu a ba shi abu mai zaƙi a fara sauka.

Takalmi mai kama ƙasa, kambas mai ƙarfi ko buut, kuma ba sabo fil da ka saya ranar Juma'a ba don zai yi maka kanta kafin ku yi rabi. Ruwa lita 2 zuwa 3. Ruwan rafi da na tafkin za ka gan shi garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, kada ya yaudare ka, akwai ƙwayar cutar da ake ce ma jiyadiya wadda ke sa zawo da kumburin ciki, kuma ba ranar take nunawa ba sai bayan sati ɗaya ko biyu ka rasa mi ka ci. Ko dai a tace da 'yar filtar da masu hawa ke yawo da ita ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa. Abinci kuwa dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi duk wasu tarkacen leda da za su saya da tsada, kilishi dai na san kwastan ɗinsu ba su bari a shiga da nama, sai ka nemi na halal a can. Ka haɗa da filasta da bandeji da farasitamol, usur, fawa bank, hular rana da tabarau, ka kuma sauke taswirar wurin cikin waya tun kana gida. Sauro na nan da yawa a Yuli, ba ya sa maleriya amma cizonshi ba sauƙi.

Tocilar da kake ma dariya kuwa, a Yuli rana ba ta faɗuwa can sai wajen ƙarfe 9 na dare, kuma wannan tsawon yinin shi ke cutar baƙo, ka ga rana tsaye ka ce ai da sauran lokaci, alhali cikin kwari tsakanin dogayen itatuwa duhu na riga magariba shigowa. Mutum ɗaya ya gurɗe ƙafa tafiyar awa 2 ta koma awa 5, fitilar waya kuma ta cinye cajin da za a kira taimako da shi. Ka sayi 'yar tocila ta ɗaurawa a goshi, ba ta da tsada.

Yanzun ga abun da ya fi duk kayan cikin jakar nan amfani, kuma ba a sayar da shi a shago. Tun kuna cikin mota ku tsaida lokacin juyawa, ku ce misali ƙarfe 2 na rana duk inda muke ko mun ga tafki ko ba mu gani ba baya za mu yi, kowa ya amsa da bakinshi. Dalili, can sama ba a iya yanke wannan shawarar, an gaji, an kashe kuɗin mai, kowa na jin kunyar ya zama shi ne ya fara cewa a koma, musamman kai da za ka ji kamar mutuncin Najeriya gaba ɗaya na wuyanka. In an riga an yanke tun ƙasa ba wanda za a ce ya karaya, agogo ne ya yi magana. Kuma ina tabbatar maka in kun isa bakin tafkin akwai wanda zai nuna wata mashiga can sama gefen tsaunin Dragontail ya ce ai nan ne Aasgard mu ɗan leƙa. Kada ka leƙa. Wannan mashigar ta kai kusan mita 2,400, hawan wajen mita 600 ne cikin tazarar da ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, kan duwatsu masu motsi, a farkon bazara ga ƙanƙara da ruwa ke gudu ƙarƙashinta, an sha rasa rayuka a wurin. Ba aikin ranar farko ba ne.

Haka nan wanka. Za su tuɓe su faɗa ruwa suna ihu, kai ka tsoma ƙafa ka wanke fuska ya isa. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, da ka faɗa jiki ke jan numfashi da ƙarfi ba da saninka ba, in kanka na cikin ruwa lokacin ka shaƙa kenan, cikin 'yan mintuna kuma hannu da ƙafa su daina jin magana, iyon da aka koya a kududdufin bayan gari ba ya ceto nan.

Ku fita da wuri, daga Siyatil zuwa garin Leavenworth wajen awa 2 da rabi ne a mota sannan a hau wata hanyar burji mai gargada, kuma ranar Asabar wajen fakin na cika tun da sassafe, don haka ana sallame asuba ku kama hanya. Akwai takardar fakin da ake biya, akwai kuma takardar shiga ta yini da ake cikewa kyauta a bakin hanya, kada ku wuce mutum 8 don dokar wurin ce, kwana kuwa sai wanda ya ci ƙuri'ar da ake yi tun farkon shekara. Kafin ka fita ka tura ma wani da ya tsaya gari sunan wurin da lokacin da ya kamata ya ji ka, ka ce in ya wuce bai ji ka ba ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa ta can. Masu ceton nan yawanci 'yan sa-kai ne kuma da ƙafa za su hawo, sai an yi awanni. In Agusta ne tafiyar ta koma ka duba labarin gobarar daji tukuna, hayaƙi kan rufe yankin har a hana shiga. In ka dawo ka turo ma zaure hoto.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce daga Daura, ɗiyata na karatu a Kalgari ta ƙasar Kanada, sai ga ta ta turo hoto a WhatsApp tana tsaye bakin wani ruwa shuɗi kamar an zuba shuni, bayanta duwatsu da ƙanƙara wai a watan Yuli, ta ce sunanshi Lake Louise, kuma wai sun taka ƙafa sun hau sama sun ga wani. Ni dai tun ranar ban yi barcin kirki ba, an ce akwai namun daji. Shin ruwan nan haka yake ko aikin waya ne, kuma mi zai kai ɗiya mace daji don kallon ruwa?

AMSA: Hajiya ranki shi daɗe, ki kwantar da hankalinki, ruwan haka Allah ya yi shi ba aikin waya ba ne. Tsaunukan nan akwai ƙanƙara mai kaurin gaske da ta shekara dubbai kwance kansu, kuma ba zaune take ba, nauyinta na sa ta gangara a hankali tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta har ya koma gari mai laushi. In zafi ya zo ruwan da ya narke sai ya kwaso garin nan ya zuba cikin tafki, shi kuma saboda rashin nauyi ba ya kwantawa ƙasa da wuri, yana yawo cikin ruwan, hasken rana in ya bugi wannan garin sai kalar shuɗi da tsanwa ta dawo ma ido. Shi ya sa ma kalar ta fi fitowa a Yuli da Agusta lokacin da narkewar ta fi yawa. Ramin tafkin kanshi ƙanƙarar ce ta haƙa shi tun zamanin da ta rufe yankin sama da shekara 10,000 baya, da ta ja baya ta bar tulin duwatsu ya tare bakin kwarin ruwa ya taru. Tafkin na kan tsayin mita 1,700 da wani abu, sai wajen farkon Yuni yake gama narkewa, don haka ƙanƙarar da kika gani bayanta gaskiya ce.

Wurin kuma ba irin dajin da kike tunani ba ne. Yana cikin gandun Banff wanda aka kafa tun 1885, shi ne na farko a Kanada, akwai ƙaton otal a bakin tafkin, motocin bas na ta sauke mutane, tsofaffi da yara da masu goyo. Wanda ta ce sun hau sama sun gani ina kyautata zaton Lake Agnes ne, tafiyar wajen kilomita 7 zuwa da dawowa, har ɗan gidan shan shayi gare shi a can sama da ya haura shekara 100, hanyar ba ta rabuwa da mutane duk yini.

Namun daji akwai, ba zan ɓoye maki ba, akwai dabbar da ake ce ma beyar, baƙa da kuma babbar mai ruwan ƙasa wadda ta fi haɗari. Amma ita ma ba son haɗuwa da mutum take ba, abun da ke kawo matsala shi ne a yi kiciɓis da ita ba zato ko a shiga tsakaninta da 'ya'yanta. Maimakon ki hana ta fita, wanda kin san yaran yanzun za ta tafi ne kawai ta daina turo maki hoto, ki kafa mata sharuɗɗa, kada ta tafi ita kaɗai, su riƙa tafiya suna hira da ƙarfi don dabba ta ji su ta kauce, su riƙe feshin barkonon da ake sayarwa don beyar a inda hannu zai kai ba can ƙasan jaka ba, in sun gan ta kada su ruga don ta fi su gudu nesa ba kusa ba, su ja da baya a hankali. Ma'aikatan gandun kan rufe hanya ko su ce sai an kai mutum 4 a tafi tare in an ga beyar a kusa, ta bi abun da allo ya ce.

Batun mi zai kai ta kallon ruwa kuwa, Hajiya yarinyar nan ta yi wata biyar ko shida cikin sanyin da ba a iya tsayuwa waje, daga ɗaki sai aji, ga kewar gida. In rana ta fito ta samu ƙawayen kirki suka fita suka ga ikon Allah suka dawo kafin dare, ni a ganina alheri ne, ya fi zaman ɗaki da waya. Ki dai ce ta faɗa maki su wa za ta tafi da su kuma ta kira in ta sauko.

TAMBAYA: Kawu ni AS ce, ina aikin jinya a Amurka, 'yar Ƙofar Ƙaura. Za mu je Kolorado hutu kuma an tsara za mu taka zuwa Emerald Lake. Wata ta ce masu AS ba su hawa tsauni, wata ta ce ƙarya ne AS ba ciwo ba ne. Wa zan bi?

AMSA: Ɗiyata kowace ta faɗi rabi. AS ba ciwo ba ne, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan haka yake kuma mafi yawa har su tsufa ba abun da ke samunsu, cikinsu har da 'yan ƙwallo da sojoji. Amma tsayi na cikin 'yan wuraren da AS kan nuna kanshi, kuma tafiyarki ba irin ta ɗan Ƙofar Marusa na sama ba ce, shi tafiya ce mai wuya a wuri mara tsayi sosai, ke kuma tafiya ce mai sauƙi a wuri mai tsayin gaske. Birnin Denba kanshi mita 1,600 ne, inda za ku aje mota a Bear Lake ya kusa mita 2,900, Emerald kuma ya ɗan haura 3,000, duk da tafiyar ba ta kai kilomita 6 ba zuwa da dawowa. A wannan tsayin iskar oksijin da ke shiga jiki duk numfashi wajen kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ake samu bakin teku. Ki tuna mu Katsina wajen mita 500 muke.

Kowa ma, AA ko AS, daga wajen mita 2,500 zai iya jin ciwon kai da tashin zuciya da kasala. Abun da ya keɓanci mai AS shi ne saifa, likitoci sun tabbatar akan samu jini ya toshe a cikinta in an hau tsayi da sauri ga gajiya ga ƙishirwa, ba kasafai ba amma yana faruwa. Alamarshi ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. In kin ji wannan babu batun bari in ɗan huta in gani, sauka za ki yi a wuce asibiti kuma ki faɗa masu ke AS ce da bakinki, don ba lalle tunaninsu ya kai can da wuri ba.

Shawarata ki ga likitanki kafin tafiyar, ki kwana ɗaya ko biyu a Denba kafin ki ƙara sama, ranar hawan ki sha ruwa sosai ki tafi a sannu yadda za ki iya magana ba haki, kada ki yi tsere da kowa. Ku fita da sassafe don a Yuli da Agusta hadari da tsawa kan taso a tsaunukan nan da an yi azahar kusan kullum, ya kamata lokacin kuna hanyar sauka. Ku duba kuma ko ana buƙatar yin bukin na shiga, don shekarun nan gandun Rocky Mountain da tafkin ke cikinshi na ƙayyade motoci lokacin cunkoso. Mai SS kuwa, wannan maganar duk ba tashi ba ce, kada ya je irin tsayin nan sai da yardar likitan da ya san shi.

TAMBAYA: Kawu ya ake da salla da tsarki a irin tafiyar nan? Kunya nike ji gaban Turawa.

AMSA: Kunyar mi? Su da ke shimfiɗa tabarma kan dutse suna motsa jiki ba su ji kunyar kowa ba. Ka samu fili gefen hanya ka shimfiɗa rigar ruwanka ka yi sallarka. Abun lura dai alƙibla, in kana yankin Siyatil ba gabas take ba kamar gida, arewa ce ta ɗan karkata gabas, ka duba a waya tun kana da sabis. In tafiyar motar ta kai mil 48 ai kai matafiyi ne a mazhabarmu, akwai sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, ka zauna da malaminka ya warware maka yadda ake yi.

Tsarki kuma ka riƙe gorar roba daban ta zama butarka. Ka ɗebi ruwa ka yi nisa da tafki ko rafi kamar taku 70, in babbar buƙata ce ka tona rami kamar tsawon tafin hannu ka rufe bayan ka gama, in akwai masai da aka tanada ka yi amfani da shi. Kada ka yi alwala kana zubar da ruwan baki cikin tafki, kada ka sa sabulu, mutane na ɗiba su sha daga nan. A yankin Colchuck ma akwai awakin dutse farare da ke bin mutane saboda gishirin da ke cikin fitsari, shi ya sa ake cewa a yi kan dutse ba kan ciyawa ba don kada su tone wurin, kuma kada ka matsa kusa da su, a 2010 ɗaya ya kashe mutum a wani gandun na jihar.

TAMBAYA: Kawu mu da ba mu da biza fa? Mu matasa ne a Dutsin-Ma muna son irin wannan yawon, ina za mu je a nan gida?

AMSA: Irin tafkin da ƙanƙara ta haƙa dai babu shi a Najeriya, ƙasarmu ba ta yi tsayin haka ba, a Afirka sai ku dangana da tsaunin Kenya ko Ruwenzori na iyakar Yuganda da Kwango, duka biyun sun haura mita 5,000, ko tsaunukan Bale na Habasha. Amma hawa akwai. Duwatsun Shere na gefen Jos sun kai wajen mita 1,800 kuma ana zuwa a dawo yini ɗaya, a jihar Filato ɗin ma akwai tafkin Pidong a ƙaramar hukumar Mangu wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Mambila a Taraba ga sanyi ga ciyawa ga gonakin shayi, can kuma kan iyakar Kamaru ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, mafi tsayi a ƙasar nan, amma shi tafiyar kwanaki ce da ɗan jagora daga gandun Gashaka Gumti, kuma da rani ake yinta ba yanzun da duwatsu ke santsi rafuka sun cika ba.

Sai dai ku kun fi ni sanin halin da ake ciki, mu namu abun tsoron ba beyar ba ce. Ko dam ɗin Zobe da ke bayan gidanku kada ku je sai kun tambayi mutanen wurin yadda aka kwana, ɓangaren dajin Rugu kuwa ko da wasa. Filato da Taraba ma haka, Mangu ta sha rikici shekarun nan, a samu ɗan gari amintacce a kira shi ana gobe tafiya, a tafi da rana a dawo da rana, kada a sa hoto a Facebook sai an dawo gida. Kafin nan ku fara da duwatsun cikin garinku da sassafe bayan asuba, jaka a baya da ruwa lita 2 a ciki, sau biyu a sati, zuwa Disamba ƙafa ta yi ƙwarin da za ta iya Shere.

Masu tambaya kan kuɗin kayan hawa da inda ake samun na gwanjo, da mai tambaya kan tafiya da yara ƙanana, ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.